Kamun kifin salmon: Yadda ake zaɓen homa ta gari, da dalilin da ya sa doka ta shiga maganar

A bakin manyan kogunan Sikotlan da Norwe da Kanada, mutum zai iya zuba kuɗin da ya fi albashin wata a kan sandar fatsa, ya biya ɗaruruwan fam don a bar shi ya wuni a wata gaɓa ta kogi, ya yi kwana uku ko huɗu bai ga ko inuwar kifi ba, sa'annan ranar da kifin ya kama ƙugiya ya rasa shi taku biyu daga ƙafarsa, don kawai homar da ya riƙo ta yi ƙanƙanta. Masu wannan harka sun daɗe da sanin cewa yawancin kifin da ke kuɓucewa a gaɓa yake kuɓucewa, lokacin da zare ya gajarta, kifi ya hangi mutum, ya tattara sauran ƙarfinsa ya yi fizga ta ƙarshe.

Homar da ake magana a kai 'yar'uwa ce ga wadda masunta ke shiga ruwa da ita a Argungu: baki mai kewaye, raga a jikinsa, da mariƙi. Sai dai aikinsu ya bambanta. Ta Argungu ita ce ke kama kifin. Ta masu fatsar salmon kuwa ba ta shiga ruwa sai ƙugiya ta riga ta kama, aikinta shi ne ta tallafo kifin a ƙarshen kokawa. A zamanin da, abin da ake buƙata gare ta shi ne kada ta yage. Yau an ɗora mata nauyi na biyu wanda ya fi na farko, wato kifin ya fita daga cikinta da rai, ba rauni, ya ci gaba da tafiyarsa.

Kifin da ake kamawa a saki

Wanda ya saba ganin salmon a yanke cikin firjin manyan kantunan Abuja ko Legas zai yi mamakin a ce ana kama shi a mayar ruwa. Wancan na kanti kiwonsa ake yi cikin keji a teku, akasari a Norwe, wadda ke fitar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. Na kogi kuwa labarinsa daban. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar kogi mai sanyi, ya yi shekara ɗaya zuwa uku ko fiye a nan, sa'annan ya gangara teku, wani har ya kai ruwan Girinlan ko tsibiran Faro wajen neman abinci. Bayan shekara ɗaya ko biyu ko uku sai ya juyo, ya nemo ainihin kogin da aka haife shi, ya haura shi yana tsallake duwatsu da magangarun ruwa, don ya zuba ƙwai a inda ya fito. Tun daga ranar da ya shigo kogi ba ya ƙara cin abinci, da kitsen da ya tara a teku yake tafiya, wani lokaci har watanni. Saboda haka duk wahalar da aka ba shi a hanya daga ajiyar da ba a ƙara mata ake cirewa.

Kifin kuma raguwa yake yi. A watan Disamba na 2023 ƙungiyar IUCN, mai ajiye jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sanar cewa salmon na Tekun Atalantika ya ragu da kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020, ta kuma sanya na Birtaniya cikin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. A Sikotlan, abin da masu fatsa suka kama a 2023 bai kai dubu 35 ba, adadin da har zuwa wannan shekarar ba a taɓa ganin ƙanƙantarsa ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1952. A watan Yuni na 2024 hukumomin Norwe suka rufe koguna 33 ana tsakiyar lokacin kamu, har da Gaula da Orkla waɗanda baƙi ke zuwa daga ƙasashe masu nisa dominsu.

Wannan ne ya sa dokoki suka yi ta sauyawa. Tun 2002 haramun ne a Sikotlan a sayar da salmon ɗin da aka kama da fatsa. Daga 2016 aka kasa kogunan ƙasar aji uku, kuma duk kogin da ya faɗa aji na uku tilas ne a saki kowane kifi. Wales ta wajabta sakin duk wani salmon daga farkon 2020. Yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake kamawa da fatsa a Sikotlan ruwa yake komawa. To, idan kifi tara cikin goma za su koma, kayan da ke taɓa jikinsu ya zama abin dubawa ga hukuma. A da akan fito da babban kifi da wata maƙata ta ƙarfe mai kaifi da ake soka masa a jiki, ko da zargen waya da ake zura masa a wutsiya. Da irin wannan maƙatar aka fito da kifin da Georgina Ballantine ta kama a kogin Tay ranar 7 ga Oktoba, 1922, bayan kokawar fiye da awa biyu. Nauyinsa kilo 29, tsawonsa inci 54, kuma har yau ba wanda ya kama wanda ya fi shi da fatsa a Birtaniya. Yau an hana maƙatar da zargen a Ingila da Wales da Sikotlan. Homa kaɗai ta rage.

Ragar ita ce kan magana

Mai saye yakan fara duba mariƙi da ƙyallin ƙarfe, alhali ragar ce ke taɓa kifi. Jikin salmon lulluɓe yake da wani yauƙi mai santsi wanda ke tsare shi daga ƙwayoyin cuta da funfuna. Tsohuwar raga mai ƙulle-ƙulle, irin ta taru, kowane ƙulli nata kamar tsakuwa yake: kifi na birgima a ciki tana kankare masa yauƙi, tana ɓare masa ɓawo, tana tsaga masa fiffike da wutsiya, wani lokaci ma ta goge masa ido. Kifin zai fita yana iyo kamar lafiyarsa ƙalau, mai fatsa ya tafi gida da murna, bayan mako biyu ko uku farar funfuna ta kama wuraren da aka kankare, ya mutu a gindin dutse bai kai ga zuba ƙwai ba. Wanda ya shigo daga teku kwanan nan, mai fari sol kamar azurfa, shi ya fi saurin jin wannan rauni, domin ɓawonsa bai kama jiki sosai ba. Dokokin kamun kifi na Ingila da Wales sun hana raga mai ƙulli da raga ta ƙarfe, Sikotlan ma ta bi sahu da dokarta ta 2007. Wanda ya gaji tsohuwar homa daga mahaifinsa yana iya riƙe bakin da mariƙin, amma ragar sai an sauya ta.

Raga marar ƙulli iri uku ake samu a kasuwa. Akwai ta zaren leda mai laushi da aka saƙa ba ƙulli. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, tana ratsa ruwa da sauƙi, sai dai ƙugiya na maƙalewa a cikinta, kuma tana riƙe danshi da ƙarni. Akwai ta roba zalla, mai kauri. Ita ce ta fi tausaya wa kifi, ƙugiya ba ta kama ta, tana bushewa nan da nan, amma idan aka yi ta da girman da zai ɗauki salmon sai ta yi nauyi, kuma a cikin kogi mai gudu ruwa yakan tura ta har hannu ɗaya ya kasa riƙe ta. Ta uku ita ce zaren leda da aka shafe da roba. A ganina ita ce ta fi dacewa da mai fatsa a kogi, domin ta ɗauko laushin roba ba tare da nauyinta ba. Aibinta ɗaya: robar takan fara ɓarewa bayan wasu shekaru, musamman idan ana barin ta a rana, don haka a duba ko kamfanin yana sayar da ragar canji kafin a biya kuɗi.

Girman idon raga shi ma abin lura ne, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ido mai faɗi yana barin ruwa ya wuce, homa ta yi sauƙin juyawa, amma fiffiken kifi da wutsiyarsa sukan zura ta cikinsa su tsage. Ido ƙanana yana tsare fiffike amma yana tare ruwa. Wasu masu ƙira sun raba gardama da sanya ido matsakaici a gefuna, ƙanana a ƙasa inda kifi ke kwanciya. Ƙasan jakar kuma ya fi kyau ya zama shimfiɗaɗɗe. Jaka mai tsini kamar hular kwano da aka kifa takan naɗe kifi gida biyu, kai da wutsiya su haɗu, nauyinsa duka ya taru a kan ƙashin baya.

Faɗin baki da zurfi

Ana auna homar salmon da faɗin bakinta, kuma a Birtaniya har yanzu da inci ake faɗa: 20, 24, 27, 30. Kifin da ya yi shekara ɗaya kacal a teku yakan zo da nauyin kilo biyu zuwa uku, tsawonsa wajen santimita 60, kuma baki mai inci 24 ya ishe shi. Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana iya kai kilo bakwai, goma, har goma sha biyar, tsawonsa ya haura mita ɗaya. A kogunan da irin waɗannan ke shiga, kamar Tay da Tweed da Spey, ko Alta da Gaula a Norwe, inci 27 shi ne mafi ƙarancin abin da mai hankali zai riƙa, inci 30 kuwa, wato santimita 76, ba almubazzaranci ba ne. Ƙaramin kifi ba ya ƙin shiga babbar homa. Babban kifi a ƙaramar homa kuwa, kai zai shiga, rabin jiki ya rage a waje, ƙugiyar da ke bakinsa ta maƙale a gefen raga, ya yi fizga guda zare ya tsinke.

Zurfin jaka ya kamata ya kai aƙalla faɗin bakin, in ya ɗara ma ya fi, yadda idan an ɗaga bakin sama da ruwa kaɗan kifin zai kasance a nutse gaba ɗaya, yana numfashi, ba shi da hanyar tsalle. Homa ta gari takan zama kamar ɗan ƙaramin keji a cikin kogi, inda za a cire ƙugiya a natse ba tare da kifi ya taɓa ƙasa ba.

A ɓangaren Tekun Fasifik lissafin ya ƙara girma. Wani nau'in salmon da ake kira Chinook, wanda mutanen Alaska ke wa laƙabi da sarki, shi ne mafi girma a dangin. Wanda Les Anderson ya kama a kogin Kenai ranar 17 ga Mayu, 1985, ya kai kilo 44. A can daga cikin jirgin ruwa ake yawan kamu, don haka homarsu baki ne mai faɗin inci 30 zuwa sama, da mariƙi mai tsawon mita ɗaya da rabi ko fiye, don ya kai ruwa daga gefen jirgi. A kogin Kenai, dokar Alaska ta hana a fitar da irin wannan kifi daga ruwa idan sakinsa za a yi. A bakin wannan kogi na Kenai ne kuma, daga 10 zuwa 31 ga Yuli, ake barin mazauna jihar kaɗai su shiga ruwa har ƙirji da wata ƙatuwar homa mai faɗin ƙafa biyar, su tsaya a jere suna jiran kifi ya faɗo ciki. Duk mutumin Kabi da ya ga hotonsu zai ce waɗannan namu ne. Amma wannan su ne na cika tukunya, homarsa ba ta da amfani ga mai fatsa.

Mariƙi da yadda za a ɗauke ta

Mai fatsar salmon a kogi ba zama yake yi ba. Yana shiga ruwa har cinya, ya jefa zare, ya yi taku ɗaya gaba, ya sake jefawa, haka har ya gama wurin, kuma sandarsa mai tsawon ƙafa 13 zuwa 15 da hannu biyu ake riƙe ta. Ba hannun da ya rage wa homa. Wannan ne ya haifar da ƙirar da ake kira Gye, wadda kamfanin Sharpe's na Aberdeen ya shahara da yi: bakin homar yana zamewa a kan mariƙin, ana goya ta a baya da maɗaurin fata, idan lokaci ya yi a ja maɗaurin da hannu ɗaya ta sauko, a zare mariƙin ya miƙe ya kulle. Kafin a saya, a gwada wannan da hannu ɗaya, a gwada kuma da safar hannu, domin lokacin kamu a kogin Tay tun 15 ga Janairu yake buɗewa, cikin sanyin da ke sandarar da yatsu. Duk makullin da sai an sa hannu biyu da ido kafin ya buɗe, zai ci amanar mai shi ranar da ya fi bukatarsa.

Homa mai naɗewa, wadda bakinta kusurwa uku ne da igiya a gaba, tana da daɗin shiga jaka, amma an yi ta ne don ƙananan kifaye. Gaban nata yakan lanƙwashe idan ruwa ya tura ko kifi mai nauyi ya hau kai. Ga salmon, baki mai ƙarfi da ba ya naɗewa shi ne abin dogaro. Yawancinsu da goran ruwa ake yin su, masu tsada kuma da zaren kabon wanda ya fi sauƙin ɗauka. Wurin da baki ya haɗu da mariƙi nan ne homa ke karyewa, don haka a duba shi da kyau: idan roba ce siririya ko ƙusa guda, a ajiye. Launi mai duhu ya fi mai ƙyalli, saboda walƙiyar ƙarfe a cikin ruwa tana firgita kifin da ya riga ya gaji ya sake zabura.

Akwai wata dabara da kamfanin McLean na ƙasar Niyu Zilan ya yi suna da ita, wato sikeli a cikin mariƙi. Ana ɗaga homar da kifin a ciki na ɗan lokaci, a karanta nauyi, a mayar ruwa. Ga wanda ba zai iya barci ba sai ya san kilo nawa ya kama, wannan ya fi rataye kifi ta kai a jikin sikeli, abin da ke iya raba masa gaɓoɓin ƙashin baya. Wanda ba shi da ita yana iya auna tsawon kifin a jikin sandarsa yana cikin ruwa, ya ƙiyasta nauyin daga baya.

Hannun da ke riƙe ta

Homa mai tsada a hannun mai gaggawa ba ta hana asara. Tsofaffin masu kula da koguna a Sikotlan, waɗanda ake kira gili, suna koya wa baƙi abu ɗaya kafin komai: ba a bin kifi da homa. Ana nutsar da ita ne tun da wuri, a riƙe ta shiru a ƙarƙashin ruwa, mai sanda ya jawo kifin da kai gaba har ya hau samanta, sa'annan a ɗaga baki sau ɗaya. Kifi ba ya iyo da baya, don haka idan kai ya shiga, duk motsin da zai yi cikin jaka yake ƙara tura shi. Wanda ya kawo homa ta wajen wutsiya kuwa ya tunzura shi ne ya gudu. Bayan ya shiga ba a ɗaga mariƙi a kwance kamar shebur, domin kilo goma a ƙarshen sanda mai tsawon mita zai lanƙwasa ta. Ana janyo homar ne zuwa wuri mai kwanciyar ruwa, a bar ta a nutse.

Amfaninta mafi girma ga kifin shi ne tana gajarta kokawa. Wanda ba shi da homa sai ya gajiyar da kifi liƙis kafin ya iya kama shi da hannu, ko ya ja shi kan yashi da duwatsu. Da homa ana iya ƙare zancen tun kifin yana da sauran ƙarfi. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin zafi, domin idan ɗumin ruwa ya haura digiri 18 zuwa 20 iskar da ke cikinsa takan ragu, yawan kifin da ke mutuwa bayan saki ya ƙaru. Wasu koguna a Kanada rufe su ake yi gaba ɗaya a irin waɗannan ranaku. Ana jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, a cire ƙugiya da ɗan hantsaki yana cikin ruwa, in za a ɗauki hoto a ɗaga shi na 'yan daƙiƙu kawai, hannu ɗaya a wutsiya ɗaya a ƙarƙashin ciki. Sai a fuskantar da kansa wajen da ruwa ke fitowa, a tallafe shi har ya fizge da kansa.

Masu kiwon tarwaɗa a Kano da Kaduna da Abuja suna da abin ɗauka a nan. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, yauƙinta ne kaɗai rigarta, ƙayoyin gefen kanta kuma suna sarƙewa a raga mai ƙulli. Iyayen kifi da ake ajiyewa don ƙyanƙyasa, waɗanda ake ɗebowa ana mayarwa sau da dama, sun cancanci raga mai laushi marar ƙulli.

Abin da ke biyo raga gida

Jiƙaƙƙiyar raga tana iya ɗaukar abin da ido ba ya gani daga wani kogi zuwa wani. Akwai wata 'yar mitsitsiyar tsutsa mai suna Gyrodactylus salaris, tsawonta bai wuce rabin milimita ba, tana manne wa fatar 'ya'yan salmon tana ci. Ta shiga Norwe a shekarun 1970 tare da 'ya'yan kifi da aka shigo da su daga Suwidin, ta kama koguna kusan 50, kuma a inda ta yi ƙarfi takan kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na 'ya'yan kifin. Maganin da Norwe ta fi amfani da shi mai ɗaci ne: a zuba guba mai suna rotenon a kashe duk kifin da ke cikin kogin, sa'annan a sake zuba iri daga wanda aka adana. Tsutsar tana iya rayuwa kwanaki a kan kayan da ke da danshi. Birtaniya ba ta da ita, shi ya sa masu koguna da yawa a Sikotlan ke sa baƙon da ya yi kamu a ƙasashen waje ya sa hannu a takardar shaida cewa ya tsabtace kayansa, Aislan kuwa ba ta barin a yi amfani da kayan fatsar da aka taɓa jiƙawa a wata ƙasa sai an wanke su da magani. Shawarar hukumomin Sikotlan ita ce a busar da kaya na aƙalla kwana biyu a ɗumin digiri 20, ko a dumama su awa ɗaya a zafin da ya haura digiri 60, ko a daskarar da su a firiza na kwana guda, ko a jiƙa su cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Raga mai roba ta fi sauƙin wannan aiki, domin ba ta shan ruwa kamar zare, kuma wadda ake iya zarewa daga bakinta tana shiga firizar gida ba tare da an nemi wurin ajiye mariƙi ba.